Babi na Shida: Kwana Ɗaya na Asibiti, Ashirin na Gida

"To, yanzu mu me za mu yi mata?" Wannan ce tambayar da ke fara fitowa daga bakin 'ya'ya idan likita ya gama bayani, ya ce ciwon dajin da ke jikin mahaifiyarsu ya yi nisa, za a fara mata kemo. Ni ma ita na yi, ina tsaye a barandar asibiti da fayil ɗin Hajiyarmu a hannu, ƙanena na gefe ya kasa cewa uffan. A ranar gani nake aiki ya koma hannun likitoci, mu namu biyan kuɗi da addu'a. Sai da aka yi mata zagaye biyu na gane lissafin ba haka yake ba. A cikin kowane kwana 21, kwana ɗaya tak Hajiya take yi a gaban likita. Sauran 20 a ɗakinta take yin su, a gabanmu. A gida amai yake zuwa, a gida zazzaɓi yake tasowa da tsakar dare, a gida take ture kwanon abinci, kuma a gida take yanke shawarar ko za ta koma asibiti ko ta haƙura.

Gidajen da ke cikin wannan hali suna da yawa. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum sama da 127,000 ne suka kamu da cutar a Nijeriya, kusan 80,000 kuma ta yi ajalinsu. Kukan likitocinmu kullum ɗaya ne: ba a zuwa sai ciwo ya ci jiki. Wannan babi na waɗanda suka tsinci kansu a nan ne, kuma magana ce a kan kwana 20 ɗin nan na gida.

Me kemo yake yi a jiki?

Sunansa cikakke kemoterafi, bakin masu jinya ne ya gutsure shi ya koma kemo. Magani ne mai ƙarfi, galibi ta ƙarin ruwa ake sa shi a jijiya, wani kuma ƙwaya ne da ake haɗiya. Abin da ya bambanta ƙwayoyin daji da sauran ƙwayoyin halittar jiki shi ne yawan hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, don haka aka ƙera maganin ya riƙa bin duk abin da ke saurin hayayyafa yana kashewa. Matsalar ita ce a jikin mai lafiya ma akwai wuraren da ke saurin sabunta kansu: tushen gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon ƙashi inda ake ƙera jini. Wanda ya taɓa feshin maganin ciyawa a gona ya san shuka ma takan ɗan yi yaushi kafin ta miƙe. Zubewar gashi, gyambon baki, gudawa da ƙarancin jini duk daga nan suke. Hutun da ake bayarwa tsakanin zagaye da zagaye kuma don jiki ya samu ya miƙe ne kafin a sake feshi.

Kowane magani da irin halinsa. Akwai wani ja kamar zoɓo da ake yawan yi wa masu dajin mama, doksorubisin, wanda kan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu. Wanda ba a gaya wa ba sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka jini ne. Akwai faklitaksel mai sa yatsun hannu da na ƙafa su riƙa yi kamar sun mutu, ko kamar ana tsikararsu da ƙaya. Akwai sisfilatin mai wahalar da ƙoda, shi ya sa ake cika mai karɓarsa da ruwa. Ku nemi a rubuta muku sunan wanda ake yi wa naku, ku tambayi nas abin da aka san shi da shi.

Za ku ji ana cewa daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya fusata ya watsu. Ba a rasa dalilin da ya sa maganar ta samu gindin zama: mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti, an yi masa allura, ya rame, ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne watanni ko shekarun da ciwon ya yi yana cin jiki kafin a kai shi. Jinkirin ne ya ba ciwon damar watsuwa.

Idan ciwo ya yi nisa, me ake nema?

Idan likita ya ce mataki na huɗu, yana nufin ciwon ya bar inda ya fara ya kai wasu sassa, kamar ƙashi, hanta ko huhu. A yawancin irin wannan hali ba a yin kemo da nufin tumɓuke ciwon gaba ɗaya. Ana yi ne don a danne shi, ƙari ya ragu, zafi ya lafa, numfashi ya daidaita, a samu ƙarin watanni ko shekaru masu amfani. Ruwan da ya ci gari ba a iya mayar da shi kogi, amma ana iya yi masa shinge a hana shi cinye sauran gidaje.

Sanin wannan tun farko yana hana rigima daga baya. Iyalin da suka ɗauka allura shida za a yi a warke sarai, idan aka gama aka ce za a canza wani maganin, sai su ga kamar an yaudare su. Saboda haka kada kunyar likita ta hana ku tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku tambaye shi: me ake fata wannan maganin ya yi? Zagaye nawa za a yi kafin a sake ɗaukar hoto a ga ko yana aiki? Idan bai yi ba, mece ce mafita ta gaba? Ku je ku biyu, ɗaya na saurare ɗaya na rubutawa, domin kunnen da ke cikin tashin hankali rabin magana yake kamawa.

Kalandar kwana 21

Akwai masu karɓar kemo duk mako, akwai masu mako biyu, amma tsarin mako uku shi ne aka fi gani. Da zarar kun fahimci tafiyarsa, rabin fargabar ta tafi, domin abin yana da damina da rani kamar shekara.

Kwanakin farko na tashin zuciya ne da kasala. Maganin hana amai da aka ba ku a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai amai ya zo, domin tare shi ya fi tsayar da shi sauƙi. A kwana biyun farko kuma ragowar maganin na fita ta fitsari, bayan gida da amai. Mai kwashewa ya sa safar hannu, a kora banɗaki da ruwa sosai, a wanke zanen da ya ɓaci daban, mai juna biyu kuma a ɗauke mata wannan aikin. Ban da wannan babu wani abin gudu. Ciwon daji ba a ɗaukarsa, ku ci kwano ɗaya da mara lafiyar, ku zauna a bakin gadonta.

Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, suke yin ƙasa sosai. Wannan ne makon tsaro, kuma mayaudari ne, domin sau da yawa amai ya tsaya, mara lafiya na ganin ta samu sauƙi. A mako na uku ƙarfi ke dawowa, abinci ya fara shiga. Idan akwai sunan jika, ko ziyarar 'yar uwa da take marmari, a nan za a ajiye su.

Kafin kowane zagaye sai an auna jini. Idan bai kai ba likita zai ɗaga ranar, wani lokaci ya ce a yi ƙarin jini. Wannan ba alamar lalacewar al'amari ba ce, abu ne da aka saba gani. Abin da ke ɓata aiki shi ne iyali su tsallake rana da kansu ba tare da sanin likita ba.

Ku sayi littafi mai bango mai kauri, irin na 'yan makaranta. A rubuta ranar kowane zagaye, magungunan da aka sha da lokacinsu, sau nawa aka yi amai, yaushe aka yi bayan gida, me aka ci, zafin jiki nawa. Likitan da layi ya cika masa ƙofa mintuna kaɗan zai ba ku. Hajiya kuwa, kamar kowace dattijuwar Bahaushiya, da an ce "Ya jiki?" sai ta ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da kwana ta yi tana juyi. Littafin ne zai faɗi abin da kawaici ya hana ta faɗa.

Zazzaɓi ba ya jiran wayewar gari

Idan za ku manta da komai a wannan babi, kada ku manta da wannan. A wajenmu duk zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro: a sha Panadol, a aika yaro kemis, a ga abin da gobe za ta yi. Ga mai karɓar kemo wannan ɗabi'a tana iya zama ajali. Garin da sojojinsa suka ƙare, ɓarayi uku ma sun isa su ci shi. Ƙwayar cutar da jikin mai lafiya zai murƙushe ba tare da ya sani ba, tana iya mamaye jinin mai kemo cikin sa'o'i.

Daren kwana na 10 bayan zagaye na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, na ji gadon Hajiya na motsi. Na haska fitilar waya, na tarar ta ƙudundune cikin bargo haƙoranta na haɗuwa. Ta ce, "Ke, masassara ce kawai. Miƙo min Panadol, kada ki tashi mutane." Na sa mata ma'aunin zafi a hammata, ya nuna 38.6. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, asibiti za mu." Ta yi faɗa, ta ce tun da take ba a taɓa fita da ita da tsakar dare saboda masassara ba. Na buga wa maƙwabcinmu ƙofa, wanda tun farko muka yi da shi cewa ko ƙarfe nawa ne a tashe shi. Da aka auna jininta, fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Kwana biyar ta yi a kwance ana yi mata allurai ta jijiya.

Ƙa'idar ita ce: zafin jiki ya kai digiri 38, a tafi asibiti nan take, dare ko rana. A auna kafin a ba da maganin zazzaɓi, domin yana rufe alamar. Da isarku ku faɗa da babbar murya cewa tana kan kemo, ku faɗi ranar da aka yi na ƙarshe, don kada a ajiye ku a layi. Haka za a yi idan aka ga rawar sanyi ko da jiki bai yi zafi ba, ko numfashi na sarƙewa, ko ruɗewar hankali, ko jinin da ya ƙi tsayawa daga hanci ko dasashi, ko baƙin bayan gida, ko amai da gudawar da suka hana ko ruwa zama. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen kada a ba ta sai likita ya yarda, domin suna iya jawo zubar jini. Gidan sauro kuma kullum a ɗaure.

Kwanon abinci

Babu inda ake samun saɓani tsakanin mara lafiya da 'ya'yanta kamar kan abinci. Mu gani muke in ta ci za ta tashi, don haka sai mu cika kwano da tuwo mu tsaya a kanta. Ita kuwa bakinta ɗaci yake, nama na yi mata ɗanɗanon ƙarfe, ƙamshin soya albasa daga kicin kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya. Ganin tulin abincin ma ƙosar da ita yake yi.

Dabarar ita ce kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, a ƙaramin kwano. Kunun gyaɗa da madara, koko, faten dankali, farfesun kaza ko kifi marar yaji, dafaffen ƙwai, alale, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa mai santsin haɗiya. Abincin da ya huce ya fi mai tururi shiga, domin warinsa bai kai ba. Shayin citta marar ƙarfi yakan kwantar wa wasu da zuciya. Ruwa kuma a riƙa kurɓa duk yini, tafasasshe ko wanda aka amince da tsabtarsa.

Idan baki ya yi gyambo, a ajiye yaji, lemon tsami da kunun tsamiya. A riƙa kurkure baki sau da yawa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a yi amfani da buroshi mai laushi, asuwaki mai tauri kan fasa dasashi. A makon tsaro a guji nonon da ba a dafa ba, kwaɗon ɗanyen ganye, tsiren bakin titi da abincin da ya kwana. 'Ya'yan itace a wanke, a fere a gida.

Ranar da ta ce ba za ta ci ba, kada a mai da abin shari'a. "Hajiya, ko cokali uku, sai in ɗauke" ya fi "in ba ki ci ba ta yaya za ki warke" aiki nesa ba kusa ba. Ciwon da ya yi nisa shi kansa yana kashe sha'awar abinci yana ramar da jiki. Ba taurin kai take yi ba, ba kuma girkinku ne ya gaza ba.

Ranar da gashi ya zube

Ba kowane kemo ke zubar da gashi ba, amma mai zubarwa yakan fara ne mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko. An gaya mana, amma ji daban gani daban. Ina tsefe wa Hajiya kitso da rana a tsakar gida, sai na ga jelar kitson ta biyo hannuna gaba ɗaya. Na yi sauri na dunƙule ta na tura ƙarƙashin tabarma. Ba ta waiwayo ba, ta ce, "Ba sai kin ɓoye ba, tun shekaranjiya nake ganinsa a kan matashi. Ɗauko almakashi." Ni 'yar fari ce, tun da na taso ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa sakin jiki a gabana ba. Ran nan na aske mata kai tas, na shafa mata man zaitun, na ɗaura mata ɗankwali mai laushi. Ta shafa kan ta ce, "Ashe haka maza suke jin iska." Muka yi dariyar da muka kwana biyu ba mu yi ba. Gashin yakan dawo bayan an gama magani.

Abin da ya fi ciwon yi wa iyaye nauyi shi ne juyewar al'amura. Wadda ta yi maka wanka yau kai ke riƙe ta zuwa banɗaki. Uban da maganarsa ce doka a gida yau ana ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu. Ku kiyaye musu girmansu. A yi sallama kafin a shiga, a rufe ƙofa lokacin gyara jiki, mace ta kula da mace, namiji da namiji in da hali. Abin da za ta iya yi da kanta a bar ta ta yi, ko da zai ɗauki lokaci. A ci gaba da kawo mata shawarar gida: auren wance, rikicin wane, me za a dafa. Kada a yi maganarta a kanta kamar ba ta wurin.

Ibada ma tana cikin wannan. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame: salla a zaune ko a kwance, taimama idan ruwa zai cutar, ajiye azumi. Dattawa da yawa ba sa karɓar wannan daga bakin 'ya'yansu. Ku gayyato malamin da take ganin girmansa ya faɗa mata, hankalinta zai fi kwanciya.

'Yan dubiya da masu kawo magani

Dubiya zumunci ce, kuma mara lafiya na jin daɗin a tuna da ita. Amma ɗaki cike da mutum goma sha biyar a makon tsaro haɗari ne. Ku sa mutum ɗaya mai bakin magana, wanda ba a jin haushinsa, ya zama mai tsaron ƙofa. Mai mura ko tari ya gaishe ta ta waya. Yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau kada ya kusanci gidan. Buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu. Mai labarin "wance ma irin wannan ne ya kashe ta" a ja ta waje da dabara.

Kowane baƙo kuma da maganinsa: wannan jiƙo, wancan sassaƙe, wani garin da aka ce daga ƙasar waje aka kawo, wani lambar mai maganin da ya ji a rediyo. Da kyakkyawar niyya suke kawowa, ku karɓa ku yi godiya. Sai dai hanta da ƙoda su ne ke tace kemo, kuma sun riga sun ɗauki kaya. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙara musu nauyi, ko ya rage wa kemo ƙarfi, har gwajin jini ya lalace a ɗaga magani. Duk abin da za a sha a nuna wa likita tukuna, wanda aka riga aka sha kuma a faɗa masa gaskiya. Addu'a, tofi da sadaka ba sa karo da kowane magani, a yawaita su. Wanda ya ce a bar asibiti a zo ya warkar da daji cikin mako biyu, a kan kuɗi kaza, ku riƙe aljihunku.

A faɗa mata ko a ɓoye?

Mun yi wata biyu muna ce wa Hajiya "ƙari ne kawai". Wata rana bayan sallar asuba ta ce da ni, "Ku kuna ɓoye min, ni ina ɓoye muku. Ɗakin da ake kai ni, ina jin abin da matan ke faɗa." Ashe duk tsawon lokacin ita kaɗai take ɗauke da abin, ba ta da wanda za ta yi maganar da shi, don kada ta karya mana zuciya.

Ba a cewa a je a sauke wa mutum magana kamar dutse. Akwai wanda ke son sanin komai, akwai mai cewa "ku ji daga likita, ku yi abin da ya dace". Hanyar ganewa ita ce tambaya: "Hajiya, in likita ya yi bayani, kina so a gaya miki duka, ko mu mu riƙe?" Sai a bi abin da ta zaɓa. Dattijo na da abubuwan da yake son kammalawa: bashi, amana, wasiyya, neman gafarar wani. Ɓoyewa na iya ƙwace masa wannan dama. Jikin nata ne kuma. Ranar da ta ce ta gaji, kada a rufe ta da "haba Hajiya, daure". A saurare ta, a kai maganar gaban likita, domin sau da yawa ana iya rage ƙarfin maganin, ko canza shi, ko ba da hutu.

Kuɗi da rabon aiki

Kemo na cin kuɗi, kuma ba maganin kaɗai ba: gwaje-gwaje, hoto, jini, mota, masauki. Cibiyoyin da ke da ƙwararru ba su da yawa. Mutanenmu kan nufi asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, na Malam Aminu Kano, na Sakkwato da na Gombe, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a Nijar kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Tun kafin a fara ku nemi lissafin dukan zagayen, domin farawa a tsaya a tsakiya asara biyu ce. Ku leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Tun 2021 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza a wasu asibitoci, ciki har da Shika, Gombe da Abuja. Ku tambaya ko naku ya cancanta. Wajen sayen magani kada arha ta ja ku, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan jabun magungunan daji. Ku kuma tanadi sunayen 'yan uwa uku ko huɗu masu iya ba da jini tun kafin a nema.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidaje jinya kan faɗa kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, sauran su riƙa bugo waya suna ba da umarni. Ku zauna ku raba aiki da suna: wane ne mai kai ta asibiti, wa ke riƙe kuɗi da rasit, wa ke kwana ranar kaza, wa ke sanar da dangi. Na nesa ya ɗauki nauyin da nisa ba ya hanawa, kuma ya rage gyara wa na kusa aiki.

Mai jinya ma mutum ne

Akwai ranar da za ki ji haushin mahaifiyarki, ki ɗaga mata murya a kan cokalin kunu, sannan ki shiga banɗaki ki yi kuka. Akwai daren da za ka ji a ranka ina ma a huta, sannan ka tsani kanka. Duk wanda ya yi doguwar jinya ya san waɗannan, gajiya ce ke kawo su. Rijiyar da ake ɗiba ba ta samun hutu ƙafewa take yi. Ki yi barci idan ta yi barci. Ka ci abinci a zaune. A samu yini ɗaya a mako da wani zai karɓe ka, ka fita ka ga titi. Wanda ya ce "in akwai abin da zan yi a faɗa min", kada a ce masa "babu komai": a ba shi wanki, ko ɗauko yara daga makaranta, ko kwanan Laraba. Idan barci ya ƙaurace maka makonni, ko ka daina jin daɗin komai, kai ma ka ga likita.

Abu ɗaya muka tsallake da gangan, shi ne zafin ciwo. A babi na gaba za mu duba yadda ake auna shi, dalilin da ya sa bai kamata a ji tsoron mofin ba idan likita ya rubuta shi, da abin da ake yi wa mara lafiya idan lokaci ya yi da za a ajiye kemo. Kafin nan, idan akwai mai karɓar kemo a gidanku kuma babu ma'aunin zafin jiki da littafin rubutu a gefen gadonsa, ku aika a sayo su yau.